Raddi ga Masu Cewa Kujera Duk Kujera Ce

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare tsakanin masu motocin shiga daji, irin su Land Cruiser da Hilux da tsohuwar Land Rover, har da wasu kanikawan da ke yi musu aiki. Cewa suke yi kujera duk kujera ce. In ta asali ta lotse ko ta fara sa ciwon baya, sai a nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, a zaɓo mai taushi wadda aka ciro daga Mercedes ko Lexus, mai walda ya yi mata ƙafafu, a huda ƙasan mota a ɗaure noti huɗu. In an jijjiga ta ba ta motsa ba, an gama.

Masu wannan ra'ayi suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Kujerun tsofaffin jif ba don jin daɗi aka yi su ba, kuma direban da ke wuni a hanyar Agadas zuwa Dirku, ko mai kai kaya ƙauyukan da kwalta ba ta isa ba, ba a ga laifinsa in ya nemi abin da bayansa zai huta a kai. Wasu tsofaffin ma ba su da matashin kai, wanda shi ke tare wuya idan aka daki mota ta baya. Amurka ta wajabta shi a sababbin ƙananan motoci tun 1969. Saboda haka canjin kansa ba na ja da shi. Inda muka rabu shi ne a kan cewa jijjigawa da hannu ta isa shaida.

Hannun mutum ba ya kusa da ƙarfin da kujera ke gamuwa da shi ranar hatsari. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, in ta daki abu ta tsaya cak, wanda ke ciki tamkar ya faɗo ne daga tsayin mita 10. Shi ya sa ƙa'ida ta 14 ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta shafi wuraren da ake ɗaure bel, ta ce a ƙananan motoci a ja igiyar kafaɗa da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 1,350 da 'yan kai, a ja ta ƙugu da irin wannan ƙarfi a lokaci guda. In kuwa bel ɗin a jikin kujera yake, sai a ƙara da nauyin kujerar ninki 20. Kujera mai injin lantarki da ta kai kilo 30, ita kaɗai ta ƙara kilo 600 ke nan, kafin a yi maganar mutumin da ke kanta. Wannan ne nauyin da noti huɗun nan za su ɗauka cikin ƙiftawar ido.

To, a ina aka ɗaure su? Ƙasan mota falle ne na ƙarfe marar kauri. A daidai inda kamfani ya sa ƙafafun kujera, akwai wani ƙarfen mai kauri da aka liƙa ta ƙarƙashi don ya rarraba nauyi. Da zarar an matsa gefe an yi sabuwar huda, noti na iya tsira lafiya lau amma ya yage fallen ya fito da shi. Su ma notocin ba ɗaya ba ne: na kirki yana da lamba a kansa, 8.8 ko 10.9, wanda babu lamba kuwa bai kamata a amince masa a irin wannan wuri ba. Walda ma haka take. Tana iya yin kyau a ido ba ta ratsa ƙarfen ba, sai gargada ta yi ta lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan har ta tsage a inda ba a leƙawa. Ita Land Rover kuma da tata matsalar. Mafi yawan jikinta alminiyam ne, wanda ke cinyewa in ya daɗe manne da baƙin ƙarfe a wuri mai danshi, sannan batirin samfurinta Defender a ƙarƙashin kujerar gaba yake, ana ɗage kushin a same shi. Ka girke kujerar Mercedes a kai, ranar da batir ya mutu a daji sai an kwance kujera tukuna.

Babban abin da wannan ra'ayi ya manta shi ne bel. Tun da Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da bel mai kama wuri uku a 1959, kujera da bel tare ake auna su. Igiyar ƙasa a kan ƙashin ƙugu ya kamata ta kwanta, ta sama kuma ta bi tsakiyar kafaɗa. In sabuwar kujera ta fi ta da tsawo ko ta fi ta kwanciya, alhali bel yana nan inda kamfani ya kafa shi, sai ta ƙasa ta hau ciki, ta sama ta koma wuya ko ta zame daga kafaɗa. A karo mai ƙarfi mutum na iya sulalewa ta ƙarƙashin igiyar, ita kuma ta nutse cikin hanji. Ban da haka, a motocin zamani makullin bel a jikin kujera yake zuwa. Sau da yawa harshen bel na jif yakan shiga makullin wata motar har a ji ya yi ƙas, amma ƙaran ba ya nufin ya kama yadda ya kamata, domin kaurin harshen da girman hudarsa sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Jami'in kiyaye haɗurra da ya leƙo ta taga igiya kawai zai gani a ƙirji ya ce a wuce, ba shi da hanyar sanin abin da ke riƙe da ita.

Wani zai ce ai motarsa tsohuwa ce, ba ta da jakar iska, don haka babu ruwansa da wannan babi. Motar ba ta da ita, amma kujerar fa? Tun da Volvo ta fara sa jakar iska a gefen kujera a 1994, kujerun gwanjo da yawa suna zuwa da ita a ciki, wasu har da na'urar da ke fizgar bel, kuma dukansu da sinadari mai fashewa suke aiki. Alamarsu ita ce soket mai ruwan ɗorawa a ƙarƙashin kujera. Yaron kanike da ke lalube wayar da za ta motsa kujera yana ɗosana wa kowace waya batir, ko mai walda da ke aiki a jikinta, na iya tayar da ita a fuskarsa. In kuma sabuwar Prado ce aka cire mata tata kujerar mai jakar iska, fitilar gargaɗi za ta kama a gaban direba. Wasu sukan sa ɗan abin da zai yaudari kwamfutar motar fitilar ta mutu. Fitila ta mutu, amma jakar ba ta dawo ba.

Sai batun tsawo. Jif mota ce mai tsayi, ta fi ƙaramar mota saurin kifewa a kan tudun yashi ko gangare, kuma duk abin da aka ƙara wa kujera na tsayi, daga tazarar da ke tsakanin kai da rufi aka rage shi. Injinan lantarkin da ke ƙarƙashin baƙuwar kujera ma ba sa shiri da ƙura da ruwan ƙorama.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce an shekara da shekaru ana yi ba abin da ya faru. Gaskiya ne, amma aikin bai gamu da jarrabawarsa ba tukuna. Kujerar da aka ɗaure da kyau da wadda aka ɗaure sama-sama duk ɗaya suke a ranar da ba a yi karo ba.

Mai ciwon baya ya fara da mai kushin: sabon soso mai tauri a kan ƙarfen asali yakan magance mafi yawan kukan. In bai isa ba, a nemi kujerar wata motar irin tasa wadda hudojinta suka dace. In dole sai baƙuwa, a bar layukan ƙarfe na asali da kujera ke zamewa a kai a ramukansu na asali, a haɗa kujerar da su da farantin ƙarfe mai kauri, a tabbata layukan biyu suna kullewa tare, a kiyaye tsayin da, kuma harshen bel da makullinsa su zama na mota ɗaya. Inda ba makawa sai an yi sabuwar huda, a fara leƙa ƙarƙashi saboda bututun mai da na birki, sannan a sa faranti mai faɗi ta ƙasa kafin a ɗaure noti.