Kalmomi Biyu Na Ingilishi Masu Kama Da Juna

Akwai waɗansu kalmomi biyu na Ingilishi da su kan ba mu wahala, mu masu koyon aikin malanta, watau "safety" da "security". Da yawa daga cikinmu, in an ce mu fassara su, sai mu ce "tsaro" duka biyu, mu wuce. Amma Turawa ba su ɗauke su ɗaya ba, wanda kuwa zai tsaya gaban yara ya kamata ya san inda suka rabu.

"Safety" ita ce kuɓuta daga haɗarin da ba wanda ya nufe ka da shi, kamar gobara, da ruwa, da faɗuwar mota, da cuta. "Security" kuwa kariya ce daga wanda ya nufe ka da mugunta, ko ɓarawo, ko ɗan fashi, ko abokin gaba. Wanda ya yi makarantar allo har ya taɓa littattafai ba zai sha wuya a nan ba, gama Larabawa ma suna da salama, suna da amnu, daga tushen amnu ɗin nan ne kuwa muka sami aminci da amana. Asalin kalmomin biyu daga Latin ne. "Safe" ta fito daga kalma mai nufin wanda bai ji ciwo ba, "secure" kuwa daga mai nufin wanda ba shi da damuwa. Watau ɗaya lafiyar jiki, ɗaya kwanciyar rai.

Ga misali nan gida. Sa'ad da Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato a 1809, an kewaye shi da ganuwa, aka yi masa ƙofofi, irin su Ƙofar Kware, da Ƙofar Rini, da Ƙofar Marke. Wannan "security" ke nan, domin saboda mahara aka yi. Amma ambaliyar gulbin Rima ta 2010, wadda ta cinye gonaki da gidaje, har ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, maganar "safety" ce, gama ruwa ba ya ƙin kowa, gangara kurum ya sani. Masu fassara sun lura da wannan. Hukumar hanyoyi da aka kafa a Nijeriya a 1988, mai "safety" cikin sunanta, sun kira ta Hukumar Kiyaye Haɗurra. Babban kwamitin nan na Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa, wanda aka kafa a 1945, mai "security" cikin sunansa, sun kira shi Kwamitin Sulhu, waɗansu su ce Kwamitin Tsaro.

Waɗansu 'yan'uwan kalmomin nan tuni suka zama 'yan gari. Daga "guard" muka sami gadi da mai gadi. Daga "danger", watau haɗari, muka sami danja, jar fitilar bayan mota da ta kan hanya. In Bature ya ce maka "safe journey", sauka lafiya ya ke yi maka. In kuwa ya ce kuɗi suna cikin "safe", akwatin ƙarfe ya ke nufi. Kwalbar da aka rubuta mata "poison", guba ce, sai a kai ta inda hannun yaro ba ya kaiwa.

To, ga inda babban ramin ya ke. Ran nan, muna gwajin koyarwa a wata makaranta ta bayan gari, wani dattijo manomi ya kawo mana takardar rance mu karanta masa. A ciki an rubuta cewa gonarsa ita ce "security". Ɗaya daga cikinmu bai ko tsaya ba, ya ce, "Baba, cewa suka yi za su tsare maka gonarka." Tsoho ya yi murna, ya shiga sa albarka. Allah ya taimake mu akwai ƙamus kusa, muka buɗe, sai ga wata ma'ana ta dabam. A sha'anin bashi, "security" jingina ce, abin da mai kuɗi zai riƙe in an kasa biya. Muka koma muka gaya masa gaskiya, kunya ta rufe mu. Ya yi shiru, ya naɗe takardarsa, ya ce, "'Ya'yana, gonar nan ta gado ce, ba ni kaɗai ke da ita ba. Sai na ga 'yan'uwana tukuna."

Ku duba fa, kalma guda ta kusa raba gida guda da abincinsa, mu ne kuwa da mun zama sanadi. Mutanenmu sun ɗauka duk wanda a ke kira malamin makaranta ya san abin da ke cikin takarda, abin da ya faɗa kuwa shi ke nan. Wannan amana ce babba.

Saboda haka, 'yan'uwa, in mun gamu da ɗayar kalmomin nan, kada mu yi garaje. Mu tambayi kanmu, me a ke gudu a nan, haɗari, ko mugu, ko asarar kuɗi? Amsar ita za ta nuna mana ko lafiya za mu ce, ko tsaro, ko jingina. In abin ya shige mana duhu, mu duba ƙamus, ko mu tambayi malamanmu, gama matambayi ba ya ɓata. Haka kuma za mu koya wa yara, kowace kalma cikin jimlarta, ba ita kaɗai tsirara ba.

Allah ya kiyashe mu daga haɗari da sharrin masu sharri, amin.