Tanadin Mai Mota Kafin Ya Kama Hanya

Direban da ya ɗauko albasa daga Jiga Birni ko Aliero, ya bi ta Jega da Maiyama zuwa Kudu, in motarsa ta mace a daji, albasa ba ta jiran gyara. Saboda haka wajibi ne ya san irin inshorar da ya yanka.

Inshorar mota da aka fi sani iri biyu ce. Ta farko ita ce wadda doka ta tilasta. A Janairun 2023 Hukumar NAICOM ta mai da kuɗinta Naira 15,000 ga motar gida; na motar kaya ya fi haka. Ɓarnar da mota ta yi wa wani kaɗai take biya. Ta biyu, wato cikakkiya, ta fi tsada. Tana biyan haɗari da gobara da sata, amma ban da injin da ya tsufa ya buga.

Kafin mutum ya biya, sai ya tambaya ko kuɗin janwe yana ciki, a kuma rubuta masa. Ya guji takardar jabu komai sauƙinta, domin araha ba ta ado. Ya ƙulla amana da bakanike guda a Jega. In kuwa haɗari ya auku, lambar jami'an kiyaye haɗurra ita ce 122.