Toshewar Magudanan Jinin Ƙwaƙwalwa da Maganin Oksijin Mai Matsi

Jinin da ya gama aiki a ƙwaƙwalwa yana taruwa ne a wasu manyan magudanai da ke cikin fatar da ta lulluɓe ta, daga nan ya gangara ta wuya ya koma zuciya. Idan jini ya daskare a ɗaya daga cikinsu, sai ya kasa fita, kamar kwatar da shara ta toshe ana tsaka da damina. Ƙwaƙwalwa ta kumbura, matsi ya ƙaru a ƙoƙon kai, wani lokaci ƙananan jijiyoyi su fashe.

Cutar ba ta da yawa, domin ba ta wuce kashi 1 cikin 100 na masu shanyewar ɓarin jiki ba, amma ta fi kama matasa, musamman mata. Masu juna biyu, masu jego a makonnin farko, da masu shan wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa sun fi shiga haɗari. Ƙarancin ruwa a jiki, ƙarancin jini mai tsanani, sikila, da ciwon kunne da ya yi ruwa aka bar shi, duk suna iya jawo ta. Kusan tara cikin goma na masu ita suna fama da ciwon kai mai ƙaruwa kullum, wasu kuma da jijjiga, dishi-dishin gani ko mutuwar hannu da ƙafa. Abin damuwa shi ne yadda ake ɗaukar ciwon kan mai jego a matsayin gajiyar haihuwa har a makara.

Ana gano ta da hoton MRI ko CT na jijiyoyin kai. Maganinta na farko shi ne allurar heparin mai hana jini daskarewa, ko da an ga ɗan zubar jini a ƙwaƙwalwa, sannan a ci gaba da ƙwayoyi irin su warfarin na wata 3 zuwa 12. Wani bincike da aka wallafa a 2004 kan majiyyata 624 a ƙasashe 21 ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 sun warke sarai ko kusa da haka.

Shi kuwa maganin oksijin mai matsi, ana shigar da majiyyaci ne wani rufaffen ɗakin ƙarfe ko na roba mai kauri, a ɗaga matsin iska ya ninka na waje sau biyu zuwa uku, ya shaƙi zallar oksijin na kimanin awa ɗaya da rabi zuwa biyu. A wannan matsi oksijin yana narkewa a ruwan jini ninkin-ba-ninkin yadda ya saba. Likitan fiɗa Ite Boerema na Amsterdam ya nuna a 1960 cewa aladu na iya rayuwa a irin wannan ɗaki ko da an cire kusan duka jajayen ƙwayoyin jininsu. An amince da hanyar wajen jinyar masu nutso a teku da suka taso da gaggawa, da waɗanda suka shaƙi gubar hayaƙi irin na gawayi ko janareta, da gyambon ƙafar masu ciwon suga.

Dalilin da ya sa wasu likitoci suka yi tunanin gwada maganin oksijin kan toshewar magudanan jinin ƙwaƙwalwa ba shirme ba ne. Oksijin mai yawa yana ɗan tsuke jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kumburi da matsi su ragu, alhali naman da ke cikin yunwa yana samun abin da ya rasa. Sai dai ba ya narkar da gudan jinin, kuma hujjar da ake da ita ba ta wuce gwaji kan dabbobi da rahotannin majiyyata ƙalilan ba. Ƙa'idojin ƙungiyoyin likitocin Turai da Amurka ba su sa shi cikin magungunan wannan cuta ba. Yana kuma da nasa haɗarin: yakan ji wa dodon kunne rauni, yana iya tayar da jijjiga, wadda dama ita ce barazanar mai wannan ciwo, ga fargabar gobara. Saboda haka bai kamata neman ɗakin oksijin, da tsadarsa da ƙarancinsa, ya jinkirta hoton kai da allurar heparin ba ko da na yini guda.