Finafinan Aljanu Da Tatsuniya: Shirme Ne Ko Akwai Abin Ɗauka?

Ranar wata Asabar a Maƙarfi, muna zaune a majalisa ana shan rake, sai gardama ta kaure. Wani yaro ɗan Hunƙuyi ne ya tsokano ta, ya ce shi duk fim ɗin da babu aljani ko boka a ciki ba ya yi masa armashi. Kawuna, tsohon malamin firamare da ya yi aiki a Ikara, ya dube shi ya ce, "Yaro, ƙarya ce fa kake saye da kuɗinka. Tsuntsu yana magana? Me za ka ƙaru da shi?"

Ni kuwa na ce, "Kawu, a gafarce ni, tsuntsun nan mai magana ai ku kuka karanta mana shi a aji."

Magana Jari Ce nake nufi, wanda Abubakar Imam ya rubuta nan Zariya kusa da mu, ya fara fitowa a 1937. Duk wanda ya karanta zai tuna yadda aka gina littafi na ɗaya. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri ya ƙulla makircin hallaka ɗan sarki Musa, shi kuma Musa ya matsa sai ya fita ya bi bayan Mahmudu. Bayi sun kasa tsare shi. Wa ya tsare shi? Aku. Ba shi da takobi ba shi da mashi, labari kawai yake jero masa dare bayan dare har sarki ya dawo. Wato tun a cikin littafin, Imam ya riga ya amsa wa Kawu tambayarsa: labarin "ƙarya" ne ya ceci ran yaron, har aku ya samu waziranci.

Haka Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933. Ana dariyar rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, ana bin sa har ƙasar aljanu, amma a hanya an yi wa malaman tsibbu na bogi da masu shari'ar da ake wasa da hankalinsu tsirara. Da marubucin ya kama sunan wani alƙali na gaske a wancan zamani, kun san ba za a kwashe lafiya ba. Da ya lulluɓe maganar da almara, sai ta wuce, har ta shiga makarantu. An mayar da littafin fim tun a 1989, da marigayi Ƙasimu Yero a ciki.

A harkar bidiyo ma an taɓa gwadawa. Kamfanin Sarauniya na Kano ya ɗauko tatsuniyar Daskin Da Riɗi ya yi fim da ita a ƙarshen shekarun 1990, kuma ya karɓu. Labari ne na hassadar cikin gida, abin da kowace yarinya da ta tashi a gidan yawa, daga Kudan har Paki, ta san zafinsa ba sai an faɗa mata ba.

To amma fa Kawu bai faɗi ƙasa gaba ɗaya ba. Da yawa daga cikin finafinan aljanun da furodusoshinmu suka yi ta fitarwa, wallahi shirme ne. A shafa wa mutum baƙin tukunya, a ɗaura masa jan ƙyalle, ya yi ta ɓaɓɓaka dariya a gindin tsamiya, kwamfuta ta ɓatar da shi, shi ke nan an gama labari. Aljanin bai tsaya a madadin komai ba, ba kwaɗayi ba, ba zalunci ba. Wasu ma macijiyar Sridevi ta Nagina (1986) suka kwaso suka sa mata atamfa, alhali ga Gizo da Ƙoƙi, ga Gandoki na Bello Kagara, suna zaune babu mai taɓa su.

Da na kai nan, Kawu ya tofar da ɓawon rake ya ce to shi ya yarda da aku, amma bokan nan mai jan ƙyalle kada a sake kunna masa shi a gida. Ɗan Hunƙuyi kuma ya tambaye ni inda zai samu aron Magana Jari Ce, don shi a talabijin kaɗai ya taɓa jin sunan.