Bitamin Da Lafiyar Soja: Darasi Daga Bakin Kogin Guangzhou

A cikin watan Yuli na shekarar 1743, wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila mai suna Centurion ya shigo bakin Kogin Lu'ulu'u, ya nufi birnin Guangzhou na kudancin ƙasar Sin, wanda Turawa suka daɗe suna kira Kanton. Jirgin yana shaƙe da azurfar da ya ƙwace daga wani babban jirgin Sifaniya a kusa da tsibiran Filifin. Shugabansa, George Anson, ya shafe watanni yana neman izinin mahukuntan birnin don ya sayi guzuri. Amma abin da ya fi azurfar nan muhimmanci a tarihi shi ne yawan mutanen da Anson ya binne a teku kafin ya iso.

A shekarar 1740 ya baro Ingila da jiragen yaƙi shida da mutane kusan 1,900. Kafin ya koma gida a 1744, fiye da 1,300 sun riga mu gidan gaskiya. Kaɗan ƙwarai daga cikinsu ne harsashin abokin gaba ya kashe. Mafi yawa wata cuta ce da ake kira sikobi ta yi ajalinsu. Mai wannan cuta, dasashinsa yakan kumbura yana zubar da jini, haƙora su yi ta girgiɗi, jiki ya mutu, har tsohon raunin da ya warke tun da daɗewa ya sāke buɗewa. A yau an san dalili. Jikin ɗan Adam ba ya iya ƙera bitamin C da kansa, alhali kuwa da shi ne yake ɗinke tsoka da fata da hanyoyin jini. In mutum ya yi wata biyu zuwa uku ba ya cin kome sai busasshen burodi da nama mai gishiri, ajiyar da ke jikinsa takan ƙare. Shi ya sa da mutanen Anson suka sauka a tsibirin Tiniyan a 1742, suka sami lemo da ganyaye, sai marasa lafiya suka fara miƙewa.

Wannan asara ta girgiza likitocin Ingila. A shekarar 1747 wani likitan sojojin ruwa, James Lind, ya ware majinyata goma sha biyu a cikin jirgin Salisbury, ya kasa su biyu-biyu, ya ba kowane kashi magani dabam. Waɗanda aka ba lemun zaƙi da lemun tsami ne suka fi kowa samun sauƙi, har ɗayansu ya koma bakin aiki bayan kwana shida. Lind ya buga littafinsa a 1753, ya kuma sadaukar da shi ga Anson. Duk da haka, sai a 1795 rundunar ruwan Ingila ta fara raba wa sojojinta ruwan lemun tsami a kai a kai.

Ƙasashen gabas kuwa tasu cutar dabam ce, wato beriberi, mai kashe ƙafafu, ta kumbura jiki, ta raunana zuciya. Tun a ƙarni na huɗu masanin nan Ge Hong, wanda ya ƙare rayuwarsa a dutsen Luofu da ke gabas da Guangzhou, ya ba da labarin wani ciwon ƙafa da ya yi yawa a wannan yanki na kudu. Ita beriberi rashin bitamin B1 ne ke kawo ta, shi kuwa yana cikin dusar shinkafa, wadda akan kankare a zubar don shinkafa ta yi fari. A shekarar 1884 likitan sojojin ruwan Japan, Takaki Kanehiro, ya nuna cewa in aka ƙara wa soja nama da sauran abinci mai gina jiki, cutar takan gushe, daga baya kuma aka riƙa gauraya musu sha'ir da shinkafa. Rundunar ƙasa ta ƙi bin wannan shawara. A yaƙin da aka gwabza da Rasha daga 1904 zuwa 1905, sojojin ƙasa na Japan fiye da 200,000 suka kamu da beriberi, fiye da 20,000 suka mutu.

Sai a 1912 Casimir Funk ya raɗa wa waɗannan sinadarai sunan da ake kiransu da shi har yau. Da aka koyi haɗa su a ma'aikata, sai rundunoni suka fara zuba su cikin abincin guzurin soja, ko su ba da su a ƙwaya. A 1941, ana gab da shiga yaƙi, Amurka ta fitar da ma'aunin abin da jiki ke bukata na kowane sinadari a rana guda.

To, shin kowane soja ne ya kamata a rubuta wa ƙwayar bitamin? Wani bincike da aka buga a 2008 ya ba da haske. An gwada mata kurata fiye da 5,000 na sojojin ruwan Amurka, waɗanda ke cikin horo na mako takwas. Waɗanda aka ba bitamin D da sinadarin ƙashi na kalsiyam, tsagewar ƙashi ta ragu a cikinsu da kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Wato ƙwayar tana da amfani inda aikin ya yi tsanani kuma jiki ya gaza. Amma ga sojan da ke samun cikakken abinci, ƙarin ƙwaya ba ya ƙara masa ƙarfi ko jarunta. Bitamin C da B in sun yi yawa, galibi fitsari ne ke fitar da su, amma A da D taruwa suke yi a jiki, har su yi wa hanta ko ƙoda lahani. Don haka aikin likita ne ya auna ya rubuta, ba na kantin magani ko abokin bariki ba.

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sojan da ke fagen daga a dajin da babu kasuwa, ƙwaya tana iya tsare shi daga abin da ya sami mutanen Anson. Wanda ke bariki kuwa, lemo da garin ɗan kuka da zogale da manja, da shinkafar da aka turara cikin ɓawonta kafin a casa, sun ishe shi mafi yawan abin da ke cikin kwalbar, kuma da araha.