Kurar gardi da sulallan salula

Duk wanda ya saba cin kasuwa a ƙasar Arewa, daga Kiyeshe zuwa Dogon Dutsi ko Matankari, ya san yadda fili kan cika in gardi ya iso da kura. Ganga na tashi, yara na leƙe ta tsakanin ƙafafun manya, ana ta jefa 'yan daloli. Don kurar aka taru. Amma in la'asar ta yi, gardi ya ƙulle kuɗi a lalita, ita kuwa tana nan da takunkumi a baki da sarƙa a wuya. Tun ina yaro nakan tambayi kaina: cikin abin da aka zuba, nawa ya zama nama a cikinta?

Tambayar ta dawo mini ran da ɗan ƙanwata ya miƙo mini salularsa. "Kawu, dubi wannan. In ka saya, ka taimaki dabbobi, kuma ka ci riba."

Irin kuɗin kirifto ne da ake kira sulallan barkwanci. Ba gona a bayansu, ba masana'anta, sai hoton dabba da hayaniyar masu saye. Kakansu shi ne Dogecoin, wanda Billy Markus da Jackson Palmer suka ƙirƙiro a Disambar 2013 da fuskar Kabosu, wata karya da malamar makaranta a Japan ta ɗauko daga gidan kula da yasassun karnuka. Ba zan ci hakkinsu ba: a 2014 masu riƙe da Dogecoin sun yi karo-karo an haƙa rijiyoyi a Kenya. A Disambar 2024 kuma Vitalik Buterin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kirifton Ethereum, ya ba gidan namun daji na Khao Kheow a Tailan baht miliyan 10 saboda 'yar dorinar nan Moo Deng, wadda ita ma aka yi sulalla da sunanta. Sai dai duka biyun kyauta ce da hannu ya miƙa da niyya, an kuma san mai karɓa.

Ga kuma kuregen nan Peanut. Hukumomin jihar New York sun ƙwace shi daga gidan mai kiwonsa a ƙarshen Oktoban 2024 suka kashe shi. Jama'a suka ji ciwo, wasu suka yi maza suka buga sulalla da sunansa, cikin 'yan makonni darajar sulallan ta haura dala biliyan 1. Kuregen kuwa ya riga ya mutu. Wannan ya fi na gardi ciwo, don shi ko ba komai dole ya ciyar da kurarsa in yana son ta kai kasuwar gaba.

Yadda abin ke tafiya, akan ce za a yanki ɗan kaso daga kowane ciniki a zuba a asusun dabbobi. To, wa ke riƙe da makullin asusun? Sau da yawa mutum ne mai ɓoyayyen suna. Farashi kuma ba ya hawa sai sabon mai saye ya shigo, ribar na farko daga aljihun na ƙarshe take fitowa. A adashen matan unguwa kowa ta san uwar adashe da ƙofar gidanta, kowa kuma za ta ɗauki kwasarta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jakinmu. Shi ke jan guga a rijiya, shi ke kai gero da wake kasuwa, da miki a ƙarƙashin akumari. Neman fatarsa a kasuwar Sin ya sa Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka ma ta haramta yanka su don fata a Fabrairun 2024. Fuskarsa ba ta tara 'yan kallo, shi ya sa ba mai rububinsa a salula.

Na ce wa yaron, "Jikar da za ka zuba, kawo ta." Muka sayi harawa, muka nufi bakin rijiya, inda jakin maƙwabcinmu ke tsaye tun hantsi ƙudaje na bin bayansa. Yaron ya wanke mikin da ruwan gishiri, ni kuma na riƙe igiya.