Intanet ta ɗauke bayan an kashe VPN: kada a yi saurin goge kwamfuta

A yau, ko a babbar kasuwar Maraɗi ne, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako a Yamai, ba abin mamaki ba ne ka leƙa bayan teburin ɗan kasuwa ka tarar da kwamfutar hannu. Cikinta ake ajiye lissafin kaya da sunayen masu bashi, da hotunan atamfa da leshi da ake aika wa masu saye, da takardun da ɗan tiranzit ke aikowa daga tashar jiragen ruwa ta Lome. To, akwai wani kuka da muke yawan ji daga masu irin waɗannan na'urori, maza da mata: an saka VPN, an yi aiki da shi lafiya, ranar da aka kashe shi ko aka cire shi sai intanet ta ɗauke ɗif, alhali kuwa alamar rezo na nan cike, kuma akwai kiredi.

Ba don wasa jama'armu ke saka wannan abu ba. Duk wanda ya je sarin kaya Guwanju ko Yiwu ya san a ƙasar Sin ba a samun Google da Facebook, WhatsApp ma an toshe shi tun 2017, saboda haka sai da VPN mutum ke jin labarin gida da na kanti. Maƙwabtanmu na Nijeriya da yawa sun koye shi ne lokacin da aka rufe Twitter daga watan Yuni na 2021 zuwa Janairu na 2022. Sai dai mu lura, VPN ba ya ƙirƙiro intanet inda babu ita. Lokacin da aka yanke intanet ta salula a nan Nijar na kusan kwana 10 bayan zaɓen watan Fabrairu na 2021, ba VPN ɗin da ya iya buɗe layin da aka yanke. Aikinsa sauya hanya ne kawai.

Kafin a taɓa komi, ya kamata a fahimci abin da yake yi. A ɗauka kana da dillali wanda ka umurci ƴan dako su riƙa kai duk kayan da za su fita daga kantinka shagonsa tukuna, shi ya sake ɗaure su, ya aika da sunansa. Haka VPN yake. Yana kafa wa kwamfuta wata ƙofa ta bogi, ya ce duk saƙon da zai fita ya bi ta nan zuwa wata na'ura da ke Faransa ko Holan ko Amurka. Yana kuma sauya mata littafin adireshi, wato abin da ake kira DNS, wanda shi ne ke mai da sunan shafi zuwa lambar da na'urori ke ganewa. Idan aka sallami dillalin yadda ya kamata, zai mai da komi yadda ya tarar. Amma idan lantarki ya ɗauke ana cikin aiki, ko batir ya mutu, ko aka rufe murfin kwamfuta aka jefa ta jaka don sauri, sai ya tafi bai bar sallahu ba. Ƴan dako na nan suna ta kai kaya ƙofar shagon da ke kulle. Layi bai mutu ba, kwamfuta ba ta lalace ba.

Abu na farko, a gwada da salula. A haɗa ta da wifi ɗin da kwamfutar ke kai, a buɗe wani shafi. Idan ita ma ta ƙi, to ba ruwan VPN, a duba kiredi ko akwatin wifi. Idan salula na aiki kwamfuta ce ta ƙi, kada a ƙara sayen forfe ko na dala ɗaya, domin asarar kuɗi ce.

Daga nan sai a nemi VPN ɗin kansa. Danna alamar gicciye a saman taga ba ya kashe shi, yana nan laɓe a ƙasa, kusa da agogo. A buɗe shi, a sake kunna shi ya haɗu, sannan a kashe shi da maɓallinsa. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa. Ana cikin nan a duba wani wuri mai suna « Kill Switch ». Wannan maigadi ne da aka ba umurni kada ya bar ko allura ta fita in ba ta ɓoyayyar hanya ba. Ga wanda ke tsoron a gane inda yake abu ne mai amfani, amma ga mai sayar da turare da takalma shi ne ke kulle ƙofa ya tafi da makulli. A kashe shi. Wanda kuma ya riga ya cire VPN alhali maigadin na tsaye, mafi sauƙi shi ne ya sake saka wannan VPN ɗin dai, ya kwafo shi daga wata na'ura a kile, ya sallami maigadin, sannan ya cire shi ta hanyar da ta dace.

Sai a sake tada kwamfuta. A nan akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: a Windows 10 da 11, « Arrêter » ba ya kashe na'ura sarai, yana adana wani sashe na halin da take ciki don ta yi saurin tashi, har da matsalar. « Redémarrer » shi ne ke farawa daga tushe, shi za a danna.

Idan har yanzu shiru, sai a kira yaron kanti ko ɗiyar gida da ke lakwal, a ba su wannan shafi, domin sauran aikin na karatu ne kawai. Tun da yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke, za mu kawo sunayen kamar yadda suke a allo. A shiga « Paramètres », sai « Réseau et Internet », sai « Proxy ». Idan aka tarar « Utiliser un serveur proxy » a kunne, kuma ba wani ofis ne ya saka shi da gangan ba, a kashe shi. VPN na kyauta da dama nan suke barin sawunsu. Alamar wannan cuta ita ce wasu manhajoji na aiki amma shafuka sun ƙi buɗewa.

Littafin adireshi kuwa ga yadda ake gane shi ne ya ɓace. A rubuta cmd a wurin bincike, a zaɓi « Exécuter en tant qu'administrateur », baƙar taga za ta fito. A rubuta ping 8.8.8.8 a danna « Entrée ». Wannan lamba ta wata na'urar Google ce. Idan aka ga « Réponse de 8.8.8.8 », to hanya a buɗe take, sunaye ne kwamfuta ta kasa fassarawa. Sai a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta ncpa.cpl, a danna wifi da gefen dama, a shiga « Propriétés », a buɗe layin da ke da TCP/IPv4, a zaɓi a riƙa samun adireshin IP da na DNS « automatiquement ». A koma baƙar taga a rubuta ipconfig /flushdns don a share tsohon littafin. Idan kuwa ping bai samu amsa ba, a rubuta netsh winsock reset, sannan netsh int ip reset, a sake tada na'ura. Waɗannan kalmomi ba sa taɓa hoto ko lissafi ko guda, bututun intanet kawai suke wankewa.

Makami na ƙarshe shi ne « Réinitialisation du réseau », yana cikin « Réseau et Internet ». Yana cire duk ƙofofin intanet, na gaskiya da na bogi, ya sake kafa su sabbi, kuma kwamfuta za ta sake tashi da kanta bayan minti 5. Sai dai za ta manta kalmomin sirri na wifi, don haka a rubuta su a takarda tun da wuri.

Mun tsaya a kan duk wannan ne saboda abin da ke biyo baya idan aka ɗauki na'ura aka kai wurin gyara cikin fushi. Akwai masu gyara na kirki da suka san aikinsu. Akwai kuma wanda maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta, wato ya goge kwamfuta gaba ɗaya ya sake zuba mata Windows, ya karɓi ƴan jikkunansa. Intanet za ta dawo, gaskiya ne, amma da ita littafin bashi na shekara uku ya tafi, kuma duk wanda ya taɓa bin bashi a kasuwa ba tare da rubutu ba ya san yadda gardama take kasancewa. A ganinmu, goge kwamfuta saboda VPN daidai yake da rushe rumbu don an ɓatar da makulli.

Wata magana kuma game da na kyauta. Wani bincike da masana, ciki har da na hukumar kimiyya ta Ostareliya, suka fitar a 2016 ya duba VPN 283 na salular Android, ya tarar kashi 38 cikin ɗari na ɗauke da alamar muguwar manhaja, kashi 18 kuma ba sa ma ɓoye saƙon da aka ba su. Wanda ya saka biyu ko uku a kwamfuta ɗaya, kowane na jan hanya zuwa shagonsa, shi ya fi kowa faɗawa cikin wannan matsala, sai ya zaɓi ɗaya ya cire sauran. Haka nan kada a shiga asusun banki ko na aika kuɗi VPN na kunne, domin ana iya ganin kamar wani ne daga wata ƙasa ke ƙoƙarin shiga, a rufe asusun ranar da ake son biyan kuɗin kaya.

Idan an bi duk waɗannan matakai abin ya faskara, to a kai gyara, amma a fara kwafe lissafi da takardu a kile, a bar ta gida. A gaya wa mai gyara sunan VPN ɗin da ranar da matsalar ta soma, a kuma faɗa masa ƙarara cewa ba a yarda ya goge komi ba sai ya kira mai ita.